Masu editin, ya kuke yi da haƙora a hoto ba tare da sun koma alli ba?

Ƙanwar amarya:
Salam jama'a. Hotunan dinar yayata ne suka dawo, wallahi kowa haƙoransa kamar an shafa musu alli, har Baba da muka san goro ya gama da nasa tun muna yara, shi da kansa ya kalla ya ce wannan kuma waye. Ni da na gwada gyarawa a waya da Facetune sai abin ya ƙara lalacewa. Don Allah wanda ya taɓa yi ya fito daidai ya faɗa mana.

Mai situdiyo:
Ƙanwata matsalar ɗaya ce, mutane farin fenti suke zubawa, alhali haƙori ba fari ba ne tas, akwai ɗan ruwan ɗorawa a jikinsa, shi za ki rage kawai. Ni a Photoshop nake zagaye haƙoran, in ɗan tausasa gefen zagayen kar ya yi kaifi, in buɗe wajen daidaita kala a sabuwar leya, wato shimfiɗar gyara da ake ɗorawa a saman hoton (Ctrl da U ma na buɗe shi amma kai tsaye kan hoton yake aiki), in zaɓi ruwan ɗorawa kaɗai in ja ƙarfinsa baya wajen 50 ko 60, in ƙara haske kaɗan. Bayan nan sai in rage ƙarfin leyar gaba ɗaya zuwa rabi. Ma'aunina farin idon mutum, in haƙori ya fi shi haske to na wuce gona da iri. Kuma ki kiyayi dasashi, kika taɓa shi sai ya koma ruwan toka kamar mara lafiya.

Ɗan koyo:
Hhhh oga ka tuna min ranar da na sha faɗa. Hoton wata Hajiya ne za a sa a kalandar biki, na bi wannan hanyar tsaf, ashe haƙorin Makka gare ta a gefe ban lura ba, ina jan ruwan ɗorawan nan zinare ya koma kamar azurfa. An buga kalanda an raba. Washegari ta zo da kanta, ta ce yaro ni ka san nawa na kashe kafin na je Makka da za ka mayar min da shi gwangwani? Ban iya cewa komai ba sai Allah ya huci zuciyarki Hajiya. Tun ranar sai na yi zumin sosai na goge wajen zinaren daga zagayen kafin in taɓa komai.

Maman biyu:
Ni dai ba ni da kwamfuta, Snapseed nake amfani da shi, kyauta ne. Burushin rage kala nake ɗauka in sa shi a -5, in buɗe hoton da yatsu biyu har haƙoran su cika fuskar waya sannan in shafa sau ɗaya. Sau ɗaya fa.

Mai situdiyo:
Ga wani abu da na manta, ki duba hasken wajen tukuna. Yawancin holunan biki fitilunsu ja-ja ne, farar shaddar ango ma sai ta fito kamar an jiƙa ta a shayi, kina gyara zafin kalar hoton gaba ɗaya sai ki ga haƙoran sun washe da kansu. Masu manhajar gyaran hoto ta Lightroom kuma tun 2022 yana iya ware haƙoran mutum da kansa, ba sai an zagaye ba.

Tsohon mai hoto:
Yaran nan ku riƙa tambaya kafin ku gyara. Zamaninmu mata da gangan suke cin goro da fure don haƙora su yi ja, ado ne. Akwai kuma waɗanda ruwan rijiyar garinsu ne ya rina musu tun suna ƙanana, wannan dabbare-dabbaren ba ya fita da rage kala, kana matsawa sai ya zama ɗigon toka. Wani ma har wushirya na ga ya toshe wa yarinya wai gyara.

Ƙanwar amarya:
Na gode Baba, na gode kowa. Na kira mai hoton ya turo min na asali, na Baban mu dai ya ce a bar masa goronsa yadda yake. Maman biyu wancan burushin a ina yake ne, na duba ban gan shi ba?