Cikin tanti ya jiƙe, alhali ba a yi ruwan sama ba

Assalamu alaikum jama'a, a taimaka min.

Makon jiya na yi tafiyata ta farko ta kwana a kan dutse, da jakar goyo, zuwa wani tafki mai tsayin kusan mita 2,000. Na kafa tanti dab da bakin ruwa, bai fi taku goma ba. Wajen ƙarfe uku na dare ɗigon ruwa a fuska ya tashe ni. Rufin ciki duk ya jiƙe, ƙasan jakar barcina ma sharkaf inda ta taɓa bango. Ga sama kuwa wasai, taurari tar.

Saboda sanyi na zuge duk zif na rufe ƙofofin iska, abin sai ya ƙaru. Na goge da tawul, cikin awa guda ya dawo. Da na buɗe ƙofa ɗigon ya ragu, amma na kwana ina karkarwa.

Bayan na dawo na fesa wa tantin ruwa da tiyo, ko ɗigo bai shiga ba, ashe ba yoyo ba ne. Ina zargin numfashina da raɓar tafkin. Tantin mai rufi ɗaya ne.

Yaya ake hana wannan jiƙewar ba tare da sanyi ya hallaka mutum ba?