Wa ya san jitar PRS da kyau? Ina neman shawara kafin in biya

Assalamu alaikum ƴan uwa makaɗa. Shekara takwas ina kaɗa jitar lantarki a bukukuwan aure nan Maraɗi, da wata tsohuwar jita ƙirar Sin wadda wuyanta ya lanƙwashe. Yanzu yayana da ke Faransa ya turo mini hotunan PRS Custom 24 ta hannu, ya ce in na yarda ya saya, in biya shi sannu a hankali. Kuɗin ya kai na babur sabo fil, shi ya sa barci ya ƙaurace mini.

Na san Paul Reed Smith ya kafa kamfanin a 1985, kuma manyan jitocinsu a Maryland ta Amurka ake ƙera su, masu rahusa kuwa, wato SE, a Asiya. To wannan babu SE a kanta, ga kuma hotunan tsuntsayen nan da aka san jitocin PRS da su a wuya. Amma ai jabu ma suna da tsuntsaye! Lambar da aka rubuta a bayan kan jitar ta isa shaida, ko me zan ce ya ƙara dubawa?

Abin da ya fi damuna shi ne hunturu. Bara katakon tawa ya bushe har bakin ƙarafan wuya suka fito suna yankar mini yatsa. Wanda ke da irin wannan PRS ɗin a Maraɗi, Damagaram ko Katsina, yaya kake adana ta? In ta motsa, wa ke iya saita ta a kusa, ko sai Kano?