Tsibirin San Juan da yara: ana ganin kifin orka kuwa, kuma ba hatsari?

Bazazzagi_a_Seattle:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah waɗanda suka taɓa zuwa tsibirin San Juan na nan jihar Washington ta Amurka ku taimaka min da shawara. Na samu hutun kwana huɗu a watan Yuli, su kuma yara tun ranar da malamarsu ta nuna musu bidiyon kifin nan mai baƙi da fari, orka, suka hana ni sakat, ƙaramin har tambayata yake wai ko shi ne ya haɗiye Annabi Yunus. Uwargida kuma da ta ji sunansa na turanci, killer whale, akwai kisa a ciki ta ce ita fa ba da ita ba, ta ƙara da turo min bidiyon da suke tunkuyar jirgin ruwa a can wajen Sifen. To ni abin da nake son sani, ana ganin su da gaske ko kuɗin mutum ne kawai zai tafi? Jirgin masu yawon kallo ya fi ko kayak, wato ƙaramin kwalekwalen nan da mutum ke tuƙawa da kansa? Sannan kwana a tanti da yara 'yan shekara 9 da 6 zai yiwu? Na gode.

Ɗan_Maraɗi:
Wa'alaikumussalam Malam. Sau biyu na je. Daga Seattle za ka tuƙa wajen awa ɗaya da rabi zuwa Anacortes, daga nan ka shiga feri da motarka zuwa Friday Harbor, sama da awa ɗaya a kan ruwa. Ka kama wa motarka gurbi a intanet tun yanzu, lokacin zafi kowa can ya nufa. Zuwana na farko na yi gadarar ai ko tashar Maraɗi ba a rasa wuri, sai ga ni a layin masu jiran tsammani tun hantsi har bayan la'asar.

Maganar gani kuwa gaskiya ba wanda zai maka alkawari, ba gidan zoo ba ne. Zuwan farko kwana biyu na yi ina zaman dirshan a Lime Kiln, wato bakin duwatsun yammacin tsibirin inda akwai wata tsohuwar hasumiyar fitila ta 1919, ban ga komai ba sai tsuntsaye da jiragen dakon kaya suna wucewa. Zuwa na biyu ma har na fara naɗe tabarma wajen ƙarfe biyar na yamma sai na ji wani fuuush kamar an sace iskar tayar tirela. Kafin ido ya gani kunne ne ke fara ji. Ina ɗagowa sai ga fiffiken baya baƙi ƙirin ya tsaga ruwa a tsaye, tsawonsa ya kusa tsayin mutum, bayansa wasu ƙanana huɗu ko biyar suna fitowa suna nutsewa tare. Mutanen da ke wurin kowa ya yi tsit, wata tsohuwa kusa da ni hawaye take yi. Duka abin bai kai minti goma ba. Wayata tana hannuna amma wlh ban tuna da ita ba sai da suka yi nisa, hoton da na samu ruwa ne da wani ɗigo baƙi, a gida har yau dariya suke min.

Af, ka kashe roaming na wayarka in kana gefen yamma, layin Kanada waya ke kamawa tunda tsibirin Vancouver ga shi nan tsallaken mashigin Haro kana hango shi.

Maman_Tagwaye:
Yayana ka gaya wa Hajiya ta kwantar da hankalinta, ba kifin ne abin tsoro ba, ruwan ne. Ko a tsakiyar Yuli sanyinsa bai wuce digiri 10 zuwa 12 ba, na tsoma ƙafa minti ɗaya sai da na ji kamar ana soka min allura. Ga igiyar ruwa mai ƙarfi a gefen nan. Ni dai ɗan shekara 6 ba zan sa shi a kayak a wurin ba ko da rigar kariya, in ma kai kana sha'awa ka bi masu jagora ka bar su a tudu da mamansu.

Tanti kam lafiya lau, mun kwana uku a filin kwana na San Juan County Park, daga bakin tantinmu muna kallon faɗuwar rana a kan ruwa, sai dai shi ma da wuri yake cika. Ku ɗau bargo da rigunan sanyi kar hasken rana ya ruɗe ku, dare na yi za ku ce hunturun Jos ne. Nama ku saya na halal tun daga Seattle ku zuba a kula da ƙanƙara, ni dambu da yaji da garin kunu na tafi da su kuma su suka rufa mana asiri don abinci a garin da tsada. Magariba sai bayan tara na dare, asuba kuma tun ba ka gama juyi ba ta yi, sai ku tsara barcin yara. Akwai dila ja a kudancin tsibirin wajen American Camp, yarana sun fi murna da su a kan komai, amma kar a ba su abinci.

Ɗalibar_Kifi:
Baba bari in ɗan sa baki tunda abin da nake karanta ke nan. Na farko shi orka ba kifi ba ne irin su tarwaɗa, dabba ce mai shayarwa, shi ne babba a dangin dolfin, iska yake fitowa shaƙa shi ya sa Ɗan_Maraɗi ya ji wannan ƙarar. Kuma ba a taɓa tabbatar da ya kashe mutum a teku ba, waɗanda suka kashe mutane na tsare ne a wuraren wasa. Na bidiyon Hajiya wani garke ne daban a gaɓar Sifen da Fotugal, tun 2020 suke wa sitiyarin ƙasan jirage masu filafilai ɓarna, ba ruwansu da na nan.

A ruwan San Juan iri biyu ne, kuma ba sa cuɗanya, ba sa aure tsakaninsu, ko kukansu ba ɗaya ba. Akwai 'yan gida na kudu, gida uku ne J da K da L, duka-duka saba'in da 'yan kai suka rage, tun 2005 Amurka ta sa su a jerin masu fuskantar ƙarewa. Su kifin salmon suke ci musamman Chinook, shi kuma ya yi ƙaranci saboda madatsun ruwa da kamun da ya wuce kima da lalacewar koguna, ga ƙarar injin jirage tana hana su farauta tunda da sauti suke gano abinci. Shi ya sa yanzu ba sa zama a nan lokacin zafi kamar da. Sai kuma na Bigg, sunan wani masani ɗan Kanada Michael Bigg da ya fara tantance su ɗaya-ɗaya da hoton fiffike a shekarun 1970, su dabbobin ruwa masu shayarwa suke farauta, abinci ya wadace su suna ta ƙaruwa, kuma kusan su za ku gani.

Abin da ya fi burge ni uwa ce ke riƙe da gida, namiji ko ya yi shekara 30 yana nan gindin uwarsa, kaka ce ke jan garke zuwa inda kifi yake in an shiga yunwa. A 2018 wata mai lamba J35 da ake kira Tahlequah 'yarta ta mutu jim kaɗan da haihuwa, ta ɗauki gawar a ka tana turawa kwana 17 ta ƙi saki. A ƙarshen 2024 ta sake rasa wata, a farkon 2025 aka ga ta sake yin haka. Ku kai yara gidan tarihin whale, wato manyan dabbobin teku irin su orka, na Friday Harbor za su ga bishiyar zuri'arsu, har labarin kamen 1970 a Penn Cove, wani lungun teku a nan Washington, da aka kwashe 'ya'yansu aka sayar.

Ni ra'ayina ku tsaya a tudu. Tun Janairun 2025 doka ta ce jirgi ya ba 'yan gida tazarar yadi 1,000, to wani lokacin na kan dutse a Lime Kiln ya fi na cikin jirgi kusa da su.

Ɗan_Maraɗi:
Ƙanwata na yarda da iliminki amma mai kwana huɗu kacal da yara biyu suna masa kuka ba za ka ce ya zauna kan dutse yana jiran rabo ba. Masu jiragen nan suna waya da junansu, inda aka ga na Bigg can suke nufa, damar gani ta fi yawa nesa ba kusa ba. Ya yi ɗaya a jirgi sauran a tudu, shi ke nan an raba gardama.

Bakanon_Kwari:
Ikon Allah. Mu nan muna neman kifin da za mu sa a miya ku kuna biyan dala ku je kallon wanda ba a ci. A dawo lafiya dai, a turo mana hoto ba irin na Ɗan_Maraɗi ba.

Bazazzagi_a_Seattle:
Hahaha Alhaji za ka samu hoto in sha Allahu. Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa uwargida labarin J35 ta yi shiru, can sai ta ce a nemo mata madubin hangen nesa amma ƙafarta ba za ta taka ƙaramin jirgi ba. Kayak mun soke. Na samu gurbin feri na safiyar Alhamis, filin tantin ne ya cika sai dai in riƙa leƙawa ko wani zai fasa. Maman_Tagwaye dan Allah a wurin ana barin hura gawayi lokacin zafi ko sai na sayi ƙaramin risho na gas?