Neman shawara: kankaren gidanmu a Winnipeg yana farfashewa, a zuba sabo yanzu ko a jira sanyi ya wuce?

Baban Amira, Winnipeg:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe a Kanada, musamman masu sanin harkar gini.

Bara muka sayi gida a nan Winnipeg, ginin 1953 ne. Hunturun farko na wucewa sai abubuwa suka fara fitowa. Matattakalar ƙofar gaba ta rabu da jikin gidan har tafin hannuna yana shiga tsakani, ta kuma karkata gefe guda. Daɓen kankaren da ake ajiye mota fuskarsa tana ɓarɓashewa, in an share sai a tara tsakuwa da garin siminti. A besmen, wato ɗakin ƙarƙashin ƙasa, kuma tsaga biyu ce: ɗaya a tsaye ƙarƙashin taga, siririya, tana tsattsafo da ruwa lokacin narkewar ƙanƙara a Afrilu, ɗayar a kwance take, doguwa, wajen tsakiyar bangon arewa.

Wani ɗan kwangila ya zo ya duba. Ya ce zai fasa matattakalar da daɓen ya zuba sabo kafin ƙarshen Oktoba, ya shafe tsagogin da siminti. Yana son rabin kuɗin kafin alƙalami, ya ce in zan biya a hannu ba rasit zai yi min ragi. Uwargida ta ce a jira. Ni kuma tsorona matattakalar nan, mahaifiyata tana tare da mu, kada ta zame. Me kuka gani?

Ɗan Zazzau, Toronto:

Wa alaikumus salam. Malam, a yi kawai. Nan Toronto har a Janairu ana zuba kankare a manyan gine-gine, ana rufe shi da barguna. In ka jira watan Mayu kowa ya fito neman ma'aikata, sai ka sha layi.

Injiniya, Edmonton:

Baban Amira, Allah ya sanya albarka a gida. Ni matattakala da daɓen ba su ne suka ɗaga min hankali ba, tsagar nan ta kwance ce.

Tsaga siririya ta tsaye abu ne da ake gani a yawancin tsofaffin bangayen kankare, sau da yawa tun lokacin da simintin ya bushe ya ɗan tsuke ta samo asali. Ana toshe ta daga ciki da ruwan roba da ake ɗurawa da matsi ya cika ramin har bayan bango. Ta kwance kuwa tana nufin ƙasar waje tana turo bangon ciki. Shafa mata siminti ɓoye ta kawai zai yi, turin yana nan.

Ka san ƙasar Winnipeg yumɓu ce, lakar da tsohon tafkin Agassiz ya bari. In ta sha ruwa ta kumbura, in ta bushe ta tsuke. Ga sanyi da yake ratsa ƙasa kusan mita 2 a can. Ruwa in ya daskare yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100, abin da ke fasa kwalbar lemo in an manta da ita a firiza ke nan. To haka yake yi a jiƙaƙƙiyar ƙasar da ke bayan bangonka, haka yake yi a ƙarƙashin matattakala, haka yake yi a cikin ƙananan ramukan kankaren daɓen, ya daskare ya narke, shekara da shekaru.

Ka ɗauki doguwar liba, ma'aunin miƙewar bango na magina, ko ka saki igiya mai nauyi daga saman bangon ka ga ko ya yi ciki. Ka ja layi da fensir a ƙarshen tsagar biyu, ka rubuta kwanan wata, ka auna faɗinta. Sannan ka kira injiniyan gini mai rajista a Manitoba, wanda ba ya sayar da aikin gyara, duba da rubuta rahoto ne kawai aikinsa. Shi zai ce ko tokare bangon za a yi da ƙarafa daga ciki ko sai an haƙa waje. In ta kama a haƙa gefen gidan bayan ka riga ka zuba sabon daɓe a wurin, kuɗinka aka fasa. Shi ya sa bango ne farko.

Maman Ihsan, Winnipeg:

Ɗan'uwa, kafin injiniya ya zo akwai abin da za ka yi da hannunka a ƙarshen makon nan. Fita ka dubi indararon gidan, ina yake zubar da ruwa? Yawancin tsofaffin gidajen nan a gindin bango yake zubarwa. Ka sayo ƙarin bututu ka nisanta shi kamar mita 2, ka kwashe ganyen da ya toshe magudanar rufi. Ka dubi ƙasar da ke kewaye da gidan kuma: ya kamata ta gangara waje, kamar santimita 15 a cikin mita 3 na farko. In ta lotsa tana kai ruwa jikin bango, a cike ta da yumɓu a daddanne, ba da yashi ba, don yashi ruwa ratsa shi yake yi.

Gidajen shekarun 1950 bututun magudanar da aka binne a gindin fandishonsu na ƙasa ne gasasshe, guntu-guntu, laka da saiwar itace suna toshe shi. Akwai masu zura kyamara su duba maka. In kana da famfon da ke tsotse ruwa daga ramin besmen, zuba masa bokiti biyu ka ga yana tashi.

Namu gidan na 1910 ne a unguwar West End, fandishonsa duwatsu ne da aka ɗaure da kwaɓin farar ƙasa. Duk mai irin wannan kada ya bari a cike masa tsakanin duwatsun da siminti mai tauri, yana kulle danshi a ciki ya lalata dutsen. Kwaɓin farar ƙasa ake mayarwa.

Bakano a Minesota:

Ni aikin kankare nake ci da shi a Amurka, bari in amsa wa Ɗan Zazzau. Gaskiya ne ana zubawa a hunturu, amma je ka ga abin da manyan kamfanonin suke yi: suna ɗumama ruwan kwaɓi da tsakuwa, suna kafa rumfa su sa injin zafi, akwai mai auna zafin kankaren dare da rana. Wanda ke cewa a biya shi a hannu ba rasit ba zai yi maka wannan ba. Da zarar iska ta sauka ƙasa da digiri 5 na ma'aunin Selshiyas an shiga wani babi. Sabon kankare in ya daskare kafin ya kama jiki ya lalace ke nan har abada, ko a ido ya yi kyau. Kuma ba a zubawa a kan ƙasar da ta daskare, in ta narke sai ta zauna da shi. Ko ya tsira daga wannan, yana son kamar wata guda ya bushe kafin sanyi mai tsanani da gishirin da ake watsawa don narkar da ƙanƙara su same shi. Ƙarshen Oktoba a Winnipeg ina za ka samu watan?

A gida Kano abokin gabanmu rana ce, shi ya sa ake ta ban ruwa safe da yamma. Akwai kuma ɗabi'ar nan ta ƙara ruwa a kwaɓi don ya yi saurin bazuwa. A ƙasar sanyi wannan ne ke kashe daɓe. In motar kankare ta zo ka ga an ɗauko tiyo za a ƙara ruwa, ko ana yayyafa ruwa a fuska ana goge ta da cokali, ka tsayar da su. Irin wannan fuskar ce take ɓarɓashewa.

In lokacin ya zo, a rubuta a takardar yarjejeniya: kankaren waje ajin C-2 (mai jure sanyi da gishiri), ƙarfin megafaskal 32 (ma'aunin ƙarfin kankare ke nan), mai kumfar iska kashi 5 zuwa 8 cikin 100. Ƙananan kumfan nan su ne wurin da ruwa ke samun sarari in ya daskare. Ka karɓi takardar da direban motar ya zo da ita ka karanta da idonka. Kauri kada ya gaza santimita 10, a kan tsakuwar da aka daddanne da inji, a yanka layukan tsaga kusan kowace mita 3, zurfin kwatan kaurin. A riƙe shi da danshi ko a fesa masa maganin riƙe ruwa na mako guda. Matattakala kuma kada a sake ɗora ta a kan ƙasa haka kawai. Ko ta zauna a kan turakun da suka wuce inda sanyi ke kaiwa, ko a kan ƙarafan da aka ɗaure a jikin fandisho, in injiniya ya ce bangon zai ɗauka.

Hajiya Babba, Winnipeg:

Ɗana, maganar rabin kuɗi da rashin rasit kaɗai ta isa ka ce masa Allah ya ba da sa'a. Ba takarda, ba ka da abin riƙewa in aiki ya ɓaci. Ka nemi farashi a rubuce daga mutum uku, ka ga takardar inshorarsu da shaidar rajista da hukumar biyan diyyar ma'aikata. Dokar Manitoba ta ce mai gida ya riƙe kashi 7.5 cikin 100 na kuɗin aikin gini na wani lokaci, saboda masu kawo kaya da ma'aikatan da ba a biya ba. Ka buga 311, lambar hukumar birni, ka tambayi ko aikin na son izini, musamman ɓangaren daɓen da ya haɗu da titi, don filin hukumar birni ne. Kuma ba a haƙa ko'ina sai an zo an nuna inda bututun gas da wayar lantarki suka bi, kyauta ake yi.

Baban Amira, Winnipeg:

Allah ya saka muku da alheri, Hajiya, Injiniya, da sauran 'yan uwa. Na fita na duba, indararon arewa a gindin bangon mai tsagar yake zuba. Na saki igiya, tsakiyar bangon ta ɗan shigo ciki. Zan nemi injiniya, zubin kankare kuma sai Mayu ko Yuni in Allah ya kai mu. Saura matattakalar, yaya zan yi da ita a hunturun nan saboda Inna?

Bakano a Minesota:

Sa kafinta ya yi maka abin dafawa mai ƙarfi a gefe biyu, a shimfiɗa robar hana santsi a kowane hawa. In karkatar ta yi yawa, a ɗora matakan katako na wucin gadi a kai, ko Inna ta riƙa bi ta ƙofar baya. Ramin da ke tsakaninta da gidan ka cusa masa igiyar soso ka bi da abin liƙi mai laushi don ruwan narkewa ya daina gangarawa gindin bango. Yashi za ka riƙa watsawa maimakon gishiri, kuma ka kwashe dusar ƙanƙara tun ba a tattake ta ba. In rahoton injiniyan ya fito ka turo mu gani kafin ka sa hannu da kowa.