Shin raunin Meltdown da Spectre ya isa dalilin sauya kwamfuta?

Mai shagon buga takardu:
Assalamu alaikum. Kwamfutocin shagona duk na hannu ne, masu furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta mai sarrafa aiki) Intel Core i5 zubi na 6, kuma da su nake cike wa ɗalibai fom a intanet. Na ji ana cewa akwai rauni a ƙirar furosesar kanta, wanda manhajar kariya ba ta iya toshewa. In sayar da su in sayi sababbi, ko akwai gyara?

Injiniyan kwamfuta:
Wa alaikumus salam, Malam. Raunin da kake nufi iri biyu ne, Meltdown da Spectre, kuma an bayyana su ne a watan Janairun 2018. Domin neman sauri, furosesa takan yi hasashen aikin da za a ba ta, ta fara shi tun kafin a tabbatar. Idan hasashen bai dace ba sai ta watsar da shi, amma sawun bayanan yakan saura a ƙaramar ma'ajiyarta ta wucin gadi, inda muguwar manhaja za ta iya lalubo kalmar sirri. Meltdown ya fi shafar Intel, Spectre kuwa ya haɗa har da AMD da ARM, saboda haka komawa wani kamfani ba zai raba ka da shi ba. Ka sabunta Windows da burauza da BIOS (manhajar da ke tayar da kwamfuta idan an kunna ta), domin ta nan aka rage hatsarin.

Malamar kimiyya:
Ko da ka sayi zubi na 8 ba ka tsira ba, tunda raunin Downfall da aka bayyana a 2023 ya shafi Intel daga zubi na 6 har zuwa na 11. Sai dai wannan hari ba ya yiwuwa sai maharin ya samu damar tafiyar da manhajarsa a kan na'urar, shi ya sa kamfanonin da ke ba mutane da yawa hayar uwar garke (babbar kwamfutar da ake aiki da ita ta intanet) guda suka fi damuwa da shi. A ganina, filashin da kwastomomi ke cusawa a kwamfutocinka ya fi zama abin tsoro.

Mai gyara a kasuwa:
Malam, abin da zai sa ka sauya daban ne. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 ba ya karɓar zubi na 6 a hukumance. Idan kuɗi bai samu ba, ka ɗora musu Linux Mint, manhajar da ke maye gurbin Windows, amma ka fara gwada firintarka a kan guda ɗaya kafin ka taɓa sauran.