Tambaya kan kamfanin jirgin ƙasa na Union Pacific

Mai_Karatu:
Salam 'yan uwa. Don Allah wai gaskiya ne Union Pacific na Amurka ya taɓa karyewa? Ni dai na ɗauka tun da aka kafa shi riba kawai yake kwasa, ga kawunan jiragensa masu ruwan ɗorawa ko'ina a yammacin ƙasar.

Baban_Ummi:
Wa alaikumus salam. Ai ya karye ƙanena, a 1893 ma. An kafa shi ne a 1862 da dokar da Shugaba Lincoln ya sa wa hannu, suka fara shimfiɗa layi daga Omaha suna yin yamma, wani kamfanin jirgin ƙasa Central Pacific kuma na tahowa daga Kalifoniya, suka haɗu a Promontory Summit da ke Utah ran 10 ga Mayu 1869 aka buga ƙusar zinare. Amma fa an ci kuɗi wallahi, manyan kamfanin sun kafa wani kamfanin kwangila Crédit Mobilier suna ba kansu aiki suna zuga farashi, har 'yan majalisa aka raba wa hannun jari, asiri ya tonu a 1872. Bashi ya yi musu katutu, sai da wani attajiri mai suna Harriman ya karɓe shi a 1897 ya gyara.

Uwargida_Z:
Malam ka manta abin da ya fi ba ni dariya. A 1996 sun haɗiye Southern Pacific, wanda shi kuma tuntuni ya haɗiye Central Pacific. Wato kishiyar tasu ta 1869 yanzu a gidansu take zaune.

Mai_Karatu:
Ikon Allah! Na gode Baba. Hedkwatar har yanzu Omaha ce?

Baban_Ummi:
Eh, tana can jihar Nebraska.