Kwalejin koyon sana'a: kwas ɗin wata shida ko na shekara biyu zan biya wa ƙanena?

Yayar Sadiq
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka taɓa shiga, ba waɗanda suka ji labari ba. Ƙanena ya gama sakandare, shekara biyu ke nan yana zaune, kuma tun yana ƙarami duk abin da ke da waya a gidanmu sai ya kwance shi. Ya ce gyaran firij da na'urar sanyaya ɗaki yake so. Mun je wata kwalejin koyon sana'a, suka ba mu ɗan littafinsu. Wai da can cibiyar horar da ma'aikatan wata masana'anta ce, daga baya ta zama kwaleji. Suna da walda, wayarin, kanikanci, sola, ɗinki, da sashen sanyin da yake so. A sashen kwas biyu ne: na wata shida, da na shekara biyu wanda a cikinsa ake tura yaro kamfani wata shida don sanin makamar aiki. Sun ce akwai ɗakin kwana, ana iya biya kashi-kashi, kuma wanda ya gama ana ba shi akwatin kayan aiki. Ni zan biya, mahaifinmu ya rasu. Na shekara biyun zai cinye albashina na kusan wata biyar, ga shi ƙarshen wata za su rufe fom. Bambancin ya kai kuɗin? Kuma wannan tallafin da suke rubutawa, ana ganinsa a ƙasa?

Abu Hanif
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Ni dai da za ki ji tawa, ki saya masa fom ɗin jami'a. Sana'a ba ta gudu.

Oga Tanimu
Hajiya, ki riƙe kuɗinki. Shekara 22 ina gyaran firij, ban taɓa zama a aji ba. Ki haɗa shi da ogan kirki, cikin shekara guda zai fara cajin gas da kansa. Yaran kwaleji biyu aka taɓa turo min, ɗaya ko sukundireba bai iya riƙewa ba, amma bakinsa cike da Turanci.

Ɗan Walda
Anti, gani ya kori ji, bari in ba ki nawa. Walda na yi, shekara biyu cur, a irin wannan kwalejin mai ɗan littafi mai ƙyalli. Ranar da muka je gani, aka zagaya da mu wani ɗaki mai injina jere, duk an goge su. Da aka fara karatu sai muka gane biyu ne kawai ke tashi, sauran ado ne. Mu talatin da wani abu. Ka yi sa'a ka riƙe abin walda minti goma a mako. Garkuwar fuska guda uku ce, don haka sauran sai mu tsaya a baya muna leƙe. Wata rana na dawo ɗaki lafiyata ƙalau, tsakar dare na farka kamar an watsa min yashi a ido, hawaye na zuba, ba na iya kallon fitila. Hasken waldan ne ya ƙona min ido, kuma ciwon ba ya tashi nan take sai bayan sa'o'i. Babu malamin da ya taɓa gaya mana haka. Da na je ofishin kula da ɗalibai, mutumin ya ce in sayi tabarau.

Sanin makamar aikin kuwa, wasiƙa suka ba mu, kowa ya nemo wa kansa wuri. Inda na samu, wata huɗu ina shara da goge tsatsa da sayo wa manya abin sha. Akwatin kayan aiki? An kawo guda biyar ranar yaye mu, aka ɗauki hoto da su, aka mayar sito. Takardar shaida sai da ta shekara ɗaya da rabi kafin ta fito, na kai ta kamfani, suka ce sunan makarantar kawai ke kai, babu hatimin wata hukumar jarrabawa, in zo in yi gwaji. Suka miƙo min ƙarfe biyu in haɗa a tsaye. Tunda nake ban taɓa walda a tsaye ba, kullum a kwance kan tebur. Mahaifiyata filinta ta sayar.

Ummu Aisha
Inna lillahi! Wallahi sai da na yi ƙwalla. Ka kai su ƙara mana.

Ɗan Walda
Da wane kuɗin? Rasit ma na zangon farko kawai suka ba ni.

Baban Gida
To ai an cika alkawari, ɗan uwa. Sun ce za ka ga akwatin kayan aiki, kuma ka gan shi 😂

Malam Sabi'u
Ɗan Walda, Allah ya musanya maka. Abin da aka yi maka zalunci ne, amma kada a yi wa kowa kuɗin goro. Ni malami ne a sashen sanyi na wata kwaleji, zan amsa abin da baiwar Allah ta tambaya. Wata shida ya isa ya iya wanke na'ura, ya gano yoyo, ya canza kafasita. Abin da ba ya isa shi ne lantarkin da ke ciki da kuma sanin gas. Oga Tanimu, gas ɗin da kuka koyi aiki da shi, R22, ana janye shi a hankali a ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987 saboda illarsa ga sararin samaniya. Gas ɗin R410A matsinsa ya fi na R22 nesa ba kusa ba. R600a da ke cikin firij ɗin gida na yanzu yana kama wuta, R32 ma yana kamawa ko da bai kai shi ba. Yaron da bai san wannan ba zai kunna wutar walda a kan bututun da gas bai gama fita ba. Sababbin na'urori masu inbata kuma allon lantarki gare su, ba a gyara su da ƙwanƙwasawa.

Hajiya, ki koma ba tare da sanarwa ba, ranar da ake aikin hannu. Ki ƙirga injin da ke aiki, ki ƙirga ɗalibai. Ki tambayi wace hukuma ce ke shirya jarrabawar ƙarshe, su ko wata ta waje. Ki ce su ba ki sunan kamfani uku da suka karɓi ɗalibansu bara. Akwatin nan kuma a rubuta shi cikin takardar da za ki sa hannu.

Oga Tanimu
Malam, kai ai albashinka a can yake fitowa, me za ka ce? Ka taɓa hawa tsani da kwamfireso a kafaɗa?

Malam Sabi'u
Shekara tara na yi a shago kafin in koma aji, Oga. Kai kuma ka gaya mana, kana da famfon zuƙe iska, ko da gas kake kore ta kamar yadda aka saba?

Hadiza M.
Albashin wata biyar? Anya ba su yi miki tsada ba? Ɗan yayata ya yi wayarin shekara biyu, ko rabin haka ba mu biya ba, har da ɗakin kwana.

Abban Twins
Rabi? Ke dai ba ke kika riƙe lissafin ba. Abin da aka rubuta a fom daban, abin da ke fita daga aljihu daban. Ni sai da na biya ninki biyu: kuɗin rigar aiki, takalmin kariya, kuɗin kayan gwaji kowane zango, kuɗin jarrabawa, har da mita da filaya da suka ce kowa ya zo da nasa.

Hadiza M.
Mu duk wannan yana ciki. Ta gwamnati ce ko mai zaman kanta taku?

Injiniya Nura
Matsalar tsarin ce gaba ɗaya. A nan Jamus ɗalibi da kamfani yake ƙulla yarjejeniya tun farko, kwana uku ko huɗu a wurin aiki, ɗaya ko biyu a makaranta, tsawon shekara biyu zuwa uku da rabi, kuma kamfanin ke biyansa duk wata. Jarrabawar ƙarshe ma ba makarantar ke yi ba, majalisar masu sana'a ce. Ingila kuma suna da hukumar jarrabawar sana'a ta City and Guilds tun 1878, shi ya sa takardarsu ke da daraja.

Baban Gida
Madalla. Yaya, kin ji, ki tura Sadiq Jamus kafin ƙarshen wata. Injiniya zai aiko da tikiti.

Ɗan Walda
Duk wanda bai zauna a benci ya jira layin injin ba, don Allah ya yi shiru. Malami zai kare makaranta, oga na neman yaron aike kyauta, na waje kuma labarin wata duniya yake ba mu. Jiki magayi.

Maman Khalil
Ni ina da ta cewa. Ɗinki na yi a kwaleji, kuma ni an ba ni keken, sai dai bashi ne na biya cikin shekara. Malamarmu har shagona ta zo sau biyu ta duba ni. Ya danganta da wanda ke riƙe da sashen, ba sunan makaranta ba.

Yayar Sadiq
Na gode ƙwarai. Malam, in ya yi na wata shidan, zai iya ɗorawa zuwa na shekara biyu ba tare da ya faro daga farko ba? Nan ne na kasa gane bayaninsu.

Sani Kafinta
Tunda an taɓo ogogi, bari in faɗa. Shekara huɗu na yi wurin ogana, duk lokacin da za a yi awo ko a yanke farashi da mai kaya sai ya aike ni. Da gangan. Suna tsoron yaro ya iya ya ɗauke musu kwastoma.

Oga Tanimu
Ba tsoro ba ne. Ka koya wa yaro wata takwas, ranar da ya iya cajin gas sai ya ɓace da lambobin mutanenka, wani ma har da gejin auna gas. Sau uku ana yi min.

Ummu Aisha
Ku duka ku ji tsoron Allah. Wani ya zo gyara min firij, ya ce gas ne, ya cika, bayan mako biyu ya daina sanyi. Ya dawo ya ce kwamfireso, ya karɓi kafin alƙalami, ya tafi da tsohon. Wata uku ke nan wayarsa a kashe, firij ɗin ya zama kabad.

Abban Twins
Ai gas ba ya ƙarewa haka kawai, Hajiya, in ya ragu yoyo ne. Bai toshe ba ya cika miki. Ni mai wayarin ne ya haɗa min soket ɗin kicin da fitilar banɗaki.

Baban Gida
Ummu Aisha, ki yi haƙuri ki jira Sadiq. Wata shida ko shekara biyu, ya danganta da abin da yayarsa ta yanke.

Oga Tanimu
Wane iri ne firij ɗin? Ki duba takardar da ke manne a bayansa ki gaya min lambar gas ɗin.